Furen da Ba Ya Jiran Hantsi

Da na gaya wa Gwaggo cewa kafin asuba za mu bar Makka mu hau dutse zuwa Ɗa'ifa domin kallon fure, ajiye carbinta ta yi, ta dube ni sama da ƙasa. "Ɗan nan," in ji ta, don har yau ba ta kama sunana, "fure kuma? Ci ake yi ko sha?" Na ce mata duka biyun, har da shafawa. Ta ce ita dai ba ta sayar da shanunta biyu ta zo Ƙasa Mai Tsarki don ta kalli filawa ba, kuma kowa ya san ladan salla ɗaya a Harami. Ban ja da ita ba. Abin da ya sassauto da ita shi ne jin cewa a hanyar dawowa za mu bi ta miƙati, tana iya ɗaukar harami ta ƙara wata umarar. A kan wannan sharaɗi muka shirya.

Tambayar Gwaggo ta fi ƙarfin raha, kuma ita ta sa ni wannan rubutu. Bahaushe ba ya shuka abin da ba zai ci ba, ko ya sha, ko ya yi magani da shi, ko ya kai kasuwa. Hatta kalmar fure a bakinmu ba ta cika zuwa da yabo ba. In an ce da mutum furen juji, ai ba kirari aka yi masa ba. Saboda haka duk wanda zai ce mana mu ɓata yini guda mu je bikin furanni a kan tsauni, dole ya zo da hujja. Tawa hujjar ita ce wardin Ɗa'ifa fure ne mai sana'a, yana ciyar da gidaje, yana da tukunya da ma'auni da farashi. Sai dai akasarin masu zuwa bikinsa ba sa ganin wannan ko kaɗan, domin wurin da ake nuna musu daban, wurin da abin yake daban.

Ɗa'ifa na kan tsaunukan Sarawat, wajen mita 1,800 sama da teku, kuma tsakaninta da Makka ta hanyar Hada bai kai kilomita 100 ba. Amma wannan 'yar tazara kamar ƙasa biyu ce. Mun baro Makka muna fifita, muka isa sama muna neman mayafi. Hanyar kanta abin kallo ce ga mai ƙarfin zuciya: kwana a kan kwana, dutse a dama, rami a hagu, hazo yana rufe fitilun motar da ke gabanka. Direbanmu Bahaushen Makka ne, cikin jikokin waɗanda suka zo aikin Hajji a ƙafa ta Chadi da Sudan suka zauna, Hausarsa tana da ɗanɗanon Larabci. Ya ce wani lokaci in hazo ko ruwan sama ya yi yawa rufe hanyar ake yi, sai a zagaya ta Sailul Kabir. Da gari ya fara wayewa muka ga birai zaune a kan katangar titi suna jiran masu jefa musu ayaba. Direba ya ce, "Hajiya, ga gwaggon biri can." Gwaggo ta ce masa ya kula da tuƙinsa.

Wannan sanyi shi ne arzikin garin tun fil azal. Attajiran Ƙuraishawa suna da gonakin inabi a can tun kafin Musulunci. A zamanin Mu'awiya aka gina madatsar ruwa ta Saisad, rubutun da aka sassaƙa a jikin dutsenta yana ɗauke da shekara ta 58 bayan Hijira, yana nan har yau. A dā sarakunan Saudiyya sukan ƙaura da gwamnati zuwa can in bazara ta yi tsanani, a can Sarki Abdul'aziz ya rasu a 1953, a can kuma 'yan majalisar Labanan suka zauna a 1989 suka ƙulla yarjejeniyar da ta kawo ƙarshen yaƙin basasarsu. Wuri ne da mutane ke hawa domin su huce, a jiki ko a zuciya.

Mu kuwa da wani abu guda muka san Ɗa'ifa, kuma tun muna makarantar allo. Garin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya je neman mafaka da masu saurare bayan rasuwar Nana Khadija da Abu Ɗalib, tare da Zaidu ɗan Harisa, mutanen garin, 'yan ƙabilar Saƙifa, suka sa yara da wawaye suka jefe shi har ƙafafunsa suka yi jini. Ya fake a wata gona ta Utba da Shaiba, 'ya'yan Rabi'a, bawansu Addas, Kirista mutumin Ninawa, ya kawo masa nonon inabi. Aka ba shi zaɓin a haɗe duwatsu a kan masu cutar da shi, ya ƙi, yana fatan a samu masu bauta wa Allah daga tsatsonsu. Motocin ziyara suna kai alhazanmu waɗannan wurare, da masallacin Abdullahi ɗan Abbas inda kabarinsa yake, a yi hoto, a sayi rumman, a juyo kafin la'asar. Ban taɓa jin mai jagorar ziyara ya tsaya ya ce wa mutane ga wani abu ba: garin da aka yi jifa a cikinsa, yau shi ke aika turaren da ake wanke Ka'aba da shi. Duk shekara in za a wanke cikin Ɗakin, ruwan Zamzam ake haɗawa da ruwan wardin Ɗa'ifa da mansa da turaren udu. Da na faɗa wa Gwaggo haka a cikin mota, shiru ta yi, ta ɗauki carbinta.

Mun yi sallar asuba a wani ƙaramin masallaci a Hada, muka gangara wata gona. Ba ta da ƙofar alfarma, ba ta da allon talla. Jerin bishiyoyi ne gajeru masu ƙaya, tsayinsu bai wuce ƙirjin mutum ba, a kan tudun da aka yanka hawa-hawa aka tokare da duwatsu. Tun kafin ido ya gane launi hanci ya riga ya gane inda aka zo. Furen kansa ba shi da girman kan wardin da ake sayarwa a leda a manyan kantuna, wanda yake tsaye ƙyam kamar soja, ja wur, ba ƙanshi. Wannan ƙarami ne, launinsa tsakanin fari da ja, ganyensa laushi kamar tsumman jariri, kusan talatin a kowane kai. Dangin wardin Dimashƙa ne, irin wanda ake nomawa a kwarin Kazanlak na Bulgeriya, da Isparta ta Turkiyya, da Ƙamsar ta Iran. Sau ɗaya yake fure a shekara, daga cikin Maris zuwa ƙarshen Afrilu, kwana arba'in da 'yan kai. Sauran watannin duk hidima ce: a datse rassa cikin hunturu, a zuba taki, a yi ban ruwa, a jira.

Masu tsinka sun riga mu shiga. In kana sammako, wani a tafe ya kwana. Kowa da buhu ko kwando rataye a wuya, hannu biyu suna aiki, ɗan yatsa da babban yatsa suna ƙarya furen daga wuyansa, ƙas, ƙas, ba mai magana. Sauri suke yi domin furen da asuba yake buɗewa, man da ke cikinsa kuma rana na ɗagawa yake fara bin iska. Wanda aka tsinka da raɓa a jikinsa da wanda aka tsinka da hantsi ba kuɗinsu ɗaya ba. Kafin ƙarfe tara ko goma an tashi. Na lura galibin masu wannan aiki baƙi ne 'yan ci-rani, hannayensu duk sartsen ƙaya. Ba ko ɗaya daga cikinsu da na gani a manyan hotunan da aka kafa a bakin titi ana tallar bikin. A can yara ne fes-fes da rawanin fure a ka.

Daga gona sai ɗakin tukwane, kuma a nan ne Gwaggo ta farka. Ana zube furen a ƙasa tuli guda, a auna, domin da dubu ake cinikinsa, kuma ba mai zaman ƙirga dubu ɗaya-ɗaya, ma'auni ke yin wannan aiki. Sai a ɗura shi cikin manyan tukwanen tagulla, sama da fure dubu goma a kowace, a zuba ruwa, a rufe da murfi mai kama da kwalkwali, a liƙe bakin, a kunna wuta a ƙasa. Tururi ya tashi ya bi wani bututu da ya ratsa ta cikin ruwan sanyi, ya koma ruwa, ya riƙa ɗiga cikin wani babban tulun gilashi mai siririn wuya. Awoyi ake yi ana wannan ɗigo. A wuyan tulun, a saman ruwan, wani ɗan siririn mai yake taruwa, shi ake zuƙewa a hankali da sirinji. Wannan shi ne man wardi. Tola guda, wato abin da bai cika giram 12 ba, tana cin fure dubu goma ko fiye, shi ya sa kuɗinta ke haura riyal dubu. Ruwan da ya rage shi ma daraja-daraja ne. Na farko, mai ƙarfi, sunansa amarya a bakinsu, Arus. Na bayansa sun fi sauƙin ƙanshi da kuɗi, su ake zubawa a shayi da ruwan sha da kayan zaƙi, a wanke fuska da su. Ko tuƙar da ta rage a gindin tukunya ba a zubarwa a banza, gona take komawa.

Gwaggo ta zagaya tukunyar sau biyu, ta taɓa murfin da bayan hannu, ta tambayi mai wurin, ta bakin direba, ko wuta mai ƙarfi ake so ko ta lallashi. Ya ce ta lallashi. In ta yi yawa ƙanshin ƙauri yake yi. Ta gyaɗa kai ta ce haka man shanu yake. Shekara arba'in tana haɗa turaren wuta da humra tana sayar wa amare, ta san abin da gaggawa ke yi wa ƙanshi. Su biyun ba su da harshe ɗaya, amma sun fi fahimtar juna fiye da yadda ni na fahimci kowannensu. Wannan dabara ta tatsar ƙanshi da tururi tsohuwa ce a hannun Musulmi; Alkindi, masanin Bagadaza, ya rubuta littafi sukutum a kan haɗa turare da tace shi tun ƙarni na 9. Abin da muka gani a wannan ɗaki bai yi nisa da abin da ya bayyana ba, in ban da gas da ya maye gurbin itace.

Da yamma muka je bikin kansa. Tun 2005 ake yin sa, a 'yan shekarun nan an sha yin sa a lambun Ruddaf da ke kudancin gari. Kada in yi masa rashin adalci: wuri ne mai kyau. Manyan duwatsu a tsaye kamar an jera su da hannu, ciyawa shar, ruwa yana tsalle da fitilu, iyalai sun shimfiɗa darduma suna shan gahawa, mata masu sana'ar hannu sun kasa sabulu da man shafawa da alewar wardi. An shimfiɗa furanni a ƙasa kamar kafet, launi-launi, faɗin fili guda. Kowa ya ɗaga waya. Ni ma na ɗaga.

Gwaggo ce ta sunkuya, da ƙyar saboda gwiwa, ta shinshina kafet ɗin, ta miƙe ta ce, "Ɗan nan, wannan ai ba shi ba ne." Gaskiyarta. Furannin da ake shimfiɗawa domin ido irin na ado ne da ake renonsu a leda a dasa su rana ɗaya, ja da rawaya da shuɗi, masu jure rana da hasken fitila. Wardin da aka sa wa bikin sunansa ba ya iya wannan zama. Ba ya jere, ba ya jure yini, kuma duk wanda ya buɗe a ranar yana cikin tukunya tun kafin azahar. Wanda ya hau dutse da la'asar, ya shiga lambu, ya yi hoto, ya hau akwatunan nan masu tafiya a kan igiyar ƙarfe daga Hada zuwa gindin dutse, ya ci gasasshen nama ya sauka, ya je bikin wardi bai ga wardi ba. Zai koma gida ya ce ya gani, kuma ba ƙarya yake yi da gangan ba.

Na san abin da za a ce mini, kuma akwai gaskiya a ciki. Bikin ne ke kawo jama'a, jama'a ke kawo ciniki. Tun da Saudiyya ta buɗe ƙofar yawon buɗe ido a 2019, ta kuma sassauta wa masu bizar umara su zagaya sauran garuruwa, Ɗa'ifa ta samu baƙin da ba ta saba gani ba. Manomin da dā sai dillali ya zo ya yi masa farashi, yau yana iya buɗe ƙofar gonarsa ya karɓi kuɗin shiga, ya sayar da kwalba hannu da hannu. A watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta sa al'adun da ke tattare da wardin Ɗa'ifa cikin jerin kayan gadon ɗan Adam, kuma da wuya a ce shekarun da aka yi ana biki ba su taimaka wajen fito da sunan ba. Gonar da ke kawo kuɗi ita ce magada ba sa yankawa su sayar. Duk na yarda.

Inda nake tsoro shi ne ranar da kallo zai fi noma riba. Hada da Shafa, tsaunukan da suka fi ba da wardi, su ne kuma inda kowa ke son ɗakin hutu. Tudun da ya dace da bishiyar fure, mai sanyi, mai kallon kwari, shi ne ya dace da otal da wurin shan gahawa. Ruwan da garin ke sha ma daga Bahar Maliya ake tace shi a turo shi sama ta bututu, gona kuwa da rijiya da ruwan sama ta dogara. In baƙo ya gamsu da kafet ɗin furen leda, to ba abin da zai tilasta wa kowa ya ci gaba da wahalar bishiya mai ƙaya da ke ba da amfani kwana arba'in a shekara. Ana iya wayar gari biki yana ƙara girma, gonaki suna ƙara tsukewa, kwalaben da ke kan tebur kuma an cika su da ƙanshin da aka haɗa a masana'anta. Abin da baƙo ya nema shi kasuwa ke tanadar masa. Shi ya sa nake ganin inda mai ziyara ya sa ƙafarsa, da lokacin da ya sa ta, ba ƙaramin abu ba ne: kuɗin shigar da ya biya a ƙofar gona da asuba ƙuri'a ce ya jefa wa bishiyar.

Mu kuma muna da namu laifin, mu da muka fi kowa son turare. Ba jirgin alhazai da zai sauka Kano ko Sakkwato ko Yamai ba tare da kwalaben da aka rubuta wa wardin Ɗa'ifa ba, an saye su riyal goma-goma a shagunan da ke kewaye da masauki. Wanda ya ga fure dubu goma sun shiga tukunya sun fito tola guda ba ya bukatar malami ya gaya masa abin da ke cikin kwalbar riyal goma. Ni kaina na sha saye, na sha rabawa a matsayin tsaraba, ana shafawa ana sa mini albarka. Sannan maganar barin Harami domin kallon fure, wadda Gwaggo ta fara da ita, tana da nauyi, ba na raina ta. Amma mu faɗa wa kanmu gaskiya: awa nawa muke kashewa a kasuwa muna taya jallabiya da agogo da akwati? Wanda ya iya ba kasuwa yini uku bai kamata ya ga asarar safiya ɗaya da zai ga yadda ake samar da abin da ake shafa wa Ɗakin da ya zo dominsa ba.

A hanyar saukowa na riƙa tunanin zoɓo. Shi ma daga fure yake, mu ke noma shi a Jigawa da Kano da Katsina, a loda shi a buhu tan-tan ya tafi har Meziko, can a sarrafa shi a sa masa suna. Ban ce a kafa bikin zoɓo gobe ba. Mun iya kafa biki, mu yi rumfa da jawabi da anko, shekara biyu ya mutu. Abin da Ɗa'ifa ke da shi wanda ya riga bikinta shi ne tukunya a kusa da gona, da mutanen da suka gaji sanin wuta. Biki daga baya ya zo ya tarar da su.

Ga mai niyya, lissafin lokaci yana da ɗan sarƙaƙiya. Wardi da rana yake tafiya, azumi da wata. A 2023 da 2024 watan Ramadan ya faɗo daidai kakar fure, masu umarar azumi suka samu biyu a ɗaya. Yanzu azumi yana ja da baya da kwana goma sha ɗaya duk shekara, yana barin furen a Maris da Afrilu inda ya same shi. Wanda ke son ganinsa sai ya auna tafiyarsa da kakar, ya kwana a sama ko ya baro Makka cikin dare, ya tafi da rigar sanyi, ya kuma tambayi gona, kada ya tambayi lambu.

Gwaggo ba ta sayi man ba. Ta ji farashin tola ta ce ko ranar aurenta ba a kashe mata haka ba. Kwalba biyu ta saya ta ruwan amarya, bayan ta sa an buɗe ta ɗiga a tafin hannu ta jira ya bushe ta sake shinshinawa. A miƙatin Wadi Muhrim ta yi niyya ta ɗauki haraminta, ta miƙa mini kwalaben ta ce in riƙe su nesa da ita har ta sauke, kada ƙanshi ya taɓa ta ya jawo mata fidiya. Ɗaya ta ƙare wajen bikin jikarta. Ɗayar tana ƙasan adakarta a naɗe cikin farin yadin da ta jiƙa da Zamzam ta shanya a Makka, kuma ta riga ta gaya wa matan gidan ranar da za a buɗe ta.